Sarewar da Baba yake nema

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Bello ne daga Tumfure.

Muna yara muna da wani tsohon gem, wasan bidiyo na Japan da ake jona wa talabijin. Idan jarumin ya bar gari ya shiga daji, sai wata sarewa mai sanyi ta tashi. Babanmu makiyayi ne da shanunsa suka ƙare ya dawo birni. Duk sanda ya ji ta sai ya ce, "Kada ku mayar da shi gari, ku bar shi ya yi ta yawo." Shi ya sa ba mu taɓa gama wasan ba.

Yanzu Baba yana kwance, ko sunana ba ya tunawa, amma kullum sai ya tambayi sarewar nan. Na'urar ta lalace tuntuni, sunan wasan kuma da rubutun Japan yake, ba mu taɓa saninsa ba. Na nema a intanet har na gaji. Jiya na yi masa kiɗan da fito, ya juya fuskarsa bango ya ce, "Ba ita ba ce."

Jama'a, ina zan samo ta? Baba ba zai iya dogon jira ba, ni ma ta fara ɓace mini.