Ƙaho da Ƙwayar Tsinka Jini

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri, da masu sauraro. Ni tsohon malamin makaranta ne a Ƙofar Jatau, Zariya, wanda yanzu ba a neman shawararsa.

Ƙanena Alhaji Sabo tela ne. Kwanakin baya zuciyarsa ta rikice, tana bugawa da sauri ba tsari, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman. Likita ta sa masa magani cikin ƙarin ruwa har bugun ya lafa. Ta kuma ɗora shi kan ƙwayar tsinka jini, don kada jini ya daskare ya shanye masa ɓarin jiki. Ta ce ko yankan reza ya kiyaye.

Da muka dawo gida, dangi suka ce mataccen jini ne, a kira wanzami. Na hana. Babbar yayarmu ta ce, “Malam, bokon naka me ya tsinana maka? Da ƙaho Baba ya tsufa.” Aka yi dariya, aka tsaga masa baya. Jini ya ƙi tsayawa. Yanzu Sabo ya koma gadon da ya baro.

Ban ga laifin wanzami ba, ba wanda ya gaya masa Sabo na shan ƙwayar. Yaya kuwa kullum tana ƙofar ɗakin tana kuka, amma ta rantse in ya fito sai an zubar da ƙwayar.

Don Allah ku gayyato likita ya yi bayani. Yaya Hajiya, ina gaishe ki. Na san kina saurare, kuma kin fi jin maganar rediyo da tawa.