Zanen Jaridar da Na Manna wa Malam Sani

Assalamu alaikum mai gabatarwa da masu sauraro. Ni malamin firamare ne a Maiyama. Ran kasuwar Jega na sayi tsire, aka naɗe mini a jarida mai zanen barkwanci. An zana ma'aikaci yana kukan gajiya, ana yi masa dariyar malalaci. Na yanke zanen, na rubuta sunan abokin aikina Malam Sani, wanda kullum ke cewa aji uku sun yi masa yawa, na manna a ofis. Muka sha dariya. Daga ranar bai sake cewa ya gaji ba. Jiya hawan jini ya kayar da shi a gaban ɗalibai.

Masu zane, ku ji tsoron Allah, gajiya ba lalaci ba ce! Jama'a, da wane ido zan je dubiya?