Jar Fitilar Tsohuwa

TELA: Salamu alaikum, Kawu. Ina wuni?

KAWU: Wa alaikumus salam, Tela. Lafiya lau. Ya ɗinki?

TELA: Alhamdu lillahi. Ya gareji? Ya ƙafar?

KAWU: Da sauƙi. Ya maman yara? Wai me ya sa kake magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata?

TELA: Ina bayan bonet ne. Kawu, Tsohuwa ta mutu mini a bakin titi.

KAWU: Motar marigayi babanka? Ai wannan ba labari ba ne. Ranar da ta kai ka gida lafiya, ka kira ni.

TELA: Don Allah bar wasa. Maman yara na ciki. Ta rantse in ta sake tura motar nan ko sau ɗaya, dillali zai zo ya ɗauka. Kuma na amsa mata a gaban yayarta.

KAWU: Kai, ka ɗaure kanka! To me ta yi kafin ta mutu?

TELA: Fitilu suka dushe, hon ya koma kukan ɗan akuya, sai ɗif. Batir sabo ne fa.

KAWU: Altaneta ba ta caji ke nan. Danna bel ɗin da yatsa. Halo? Halo!

TELA: Ina ji, layin ne. Bel ƙam yake, jiya na ɗaure shi, dā ya saki.

KAWU: Kan batir fa, ya yi farin gari?

TELA: Tas yake.

KAWU: Wayoyin bayan altaneta, girgiza su.

TELA: Wash! Da zafi! Duk suna nan daram.

KAWU: To leƙa ciki ka murɗa makulli, kar ka tayar. Jar fitilar nan mai hoton batir ta kama, ko da dishi-dishi?

TELA: Wace... a'a, ba ta kama ba.

KAWU: Yaushe ka leƙa? Ban ji ƙarar ƙofa ba.

TELA: Ba sai na leƙa ba. Babu ƙwan fitilar.

KAWU: Ya ƙone?

TELA: Ya... fita.

KAWU: Da ƙafarsa?

TELA: Haba Kawu! Kwanaki ya riƙa kiftawa, ita kuma idonta na kansa. Ya kifta, ta kalle ni. Ya kifta, ta ce "dillali". Sai na zura hannu ta baya na zare shi, aka zauna lafiya.

KAWU: Wayyo cikina! Tela, ka kashe ni!

TELA: Dariya ma kake yi?

KAWU: Bel ɗin da ya saki ne yake sa shi kiftawa, kuma ka ɗaure. Amma a tsofaffin motocin nan, ta cikin ƙwan nan wuta ke bi ta tashi altaneta daga barci. Babu ƙwai, babu caji. Ka toshe wa mai gadi baki, ashe shi ke riƙe da makullin gidan.

TELA: Inna lillahi! Ɗan ƙwai kamar ƙwayar wake?

KAWU: Shi fa. Ina ka jefa shi?

TELA: Yana cikin ɗan akwatin gaba, daidai gwiwarta.

KAWU: Madalla. Ka mayar da shi, sannan a tura, don batir ya riga ya kwanta.

TELA: A tura? Kawu, babu kowa a titin nan sai ni da... Subhanallahi, ga ta nan. A'a, ba kowa, Kawu ne, gaisawa muke... ke, ba ni wayata!

MAMAN YARA: Kawu, ina wuni? Ya ƙafa?

KAWU: Lafiya lau, 'yata. Kina jin mu ashe?

MAMAN YARA: Bonet ai ba bango ba ne. Ƙwan ma yana jakata tun ranar da ya ɓoye shi, jira nake in ga iya gudunsa. Ramin da ke bayan agogon gudu ne?

KAWU: Shi ne. Tura ƙwan ciki ki murɗa kaɗan.

MAMAN YARA: Ya kama, ja wur. To Kawu, ni na rantse ba zan tura ba, kuma ba na son ya rasa motar babansa. Shi ya tura, ni in riƙe sitiyari.

TELA: Sitiyarin Tsohuwa? Ban taɓa ba kowa ba!

MAMAN YARA: To in sauka in tura?

TELA: Zauna, zauna!

KAWU: Giya ta biyu, 'yata. In ta ɗau gudu ki saki kuloci. Miƙa masa wayar, ina son in ji nishinsa.

TELA: Kawu... wallahi... nauyi gare ta... haka maman yara take ji dama? Saki! Saki! Ta tashi! Kawu, ta tashi!

KAWU: Jar fitilar fa?

TELA: Maman yara ta ɗago mini hannu, fitilar ta mutu! Tana caji! Ke, tsaya mana! Tsaya! Kawu, ba ta tsaya ba!

KAWU: Kar ta kuskura ta tsaya, batir na bukatar tafiya mai nisa.

TELA: Na sa ƙafa zan shiga ta fizga, takalmina ɗaya na ciki! Da me zan koma gida?

KAWU: Da ɗayan. Ka ga, kuɗin wayarka ma sun kusa...

TELA: Kawu! Halo? Kawu!