Abin da Na Tarar Cikin Firigon Rijiyar Tanko

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Sumana. Mai girma Kumanda, wakilin gwamnatin soja. Manyan baƙinmu na ƙungiyar agaji, waɗanda suka baro ƙasarsu suka zo suka zauna da mu cikin wannan zafi. Likitoci da majo-majo da ungozomomi. Malamanmu da masu unguwannin Lazare da Kirkisoye. Ƴan'uwana masu gyaran rediyo da kayan wuta. Iyayenmu mata da sauran jama'ar Yamai da suka cika wannan zaure, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Harouna Mahamadou, mutumin Tasawa, mai gyaran rediyo da telbijin a Lazare shekara goma sha ɗaya. Ni aka ɗora wa aikin kafa firigo, wato firiji, goma sha biyu na farko masu aiki da hasken rana, bara, bayan daminar da ba ta zo ba, a ƙananan likitocin karkara, wato ɗakunan shan magani, domin adana allurar rigakafin ƙyanda. Shi ya sa aka ga ya dace in yi jawabin godiya yau, ranar da ake miƙa mana wasu talatin, ga su can cikin akwatunansu a bakin ƙofa.

Godiya kuwa ina yin ta, kuma da zuciya ɗaya. Na gode wa waɗanda suka ji labarin yunwarmu suka aiko. Na gode wa direbobin da suka ratsa rairayi da kayan. Na gode wa shugaban taro da ya ba ni wannan wuri. An rubuta mini jawabi shafi biyu, yana nan cikin aljihuna, amma ina roƙon gafararku, ba zan karanta shi ba. Na ga wani abu da idona wata guda da ya wuce, kuma tun daga ranar ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba. Idan na tsaya nan na karanta yabo na sauka, zan zama na ci amanarku, na ci amanar baƙinmu ma.

Ku ba ni dama in fara da yadda abin yake aiki, don kowa ya bi ni. A kan rufi akwai faranti mai shan rana, wanda muke kira fanno, shi ke mai da hasken rana wuta. A ƙasa akwai batir guda biyu, su ke ajiye wutar don firigo ya ci gaba da sanyi bayan rana ta faɗi. Tsakaninsu akwai wata ƴar na'ura, regilater, aikinta ta tsai da wuta idan batir ya cika, ta yanke firigo idan batir ya yi ƙasa. A gaban firigon kuma akwai ƙaramar fitila koriya. An gaya mana, mu ma muka gaya wa ma'aikatan lafiya, cewa muddin fitilar nan tana ci, komai lafiya.

Ɗaya daga cikin waɗanda na gaya wa haka da bakina ita ce Majo Hajara, babbar ma'aikaciyar jinya mai riƙe da likitar Rijiyar Tanko, tafiyar yini guda a mota arewa da nan. Shekararta goma sha biyu a aiki. Lokacin da fari ya kashe dabbobi, makiyaya suka gangaro suka kafa bukkoki a bayan likitarta, mutum wajen dubu biyu. Ta bi su bukka bukka tana lallashin uwaye, tana ce musu ƙyanda na tafe, yaron da yunwa ta ci kuwa ba ya jure mata. Cikin wata biyu ta yi wa yara ɗari huɗu da goma sha biyu allura. A ƙarshen Afrilu ƙyanda ta shigo. Wanda aka yi wa allura ya kwanta, wanda ba a yi wa ba ya kwanta, babu bambanci. Yara sittin da uku suka rasu, arba'in daga cikinsu da katin Hajara a hannun uwayensu.

Jama'a, me kuke tsammani mutane za su ce? Cewa suka yi ta sayar da maganin, ta ɗura wa ƴaƴansu ruwa. Aka jefi ƙofarta da duwatsu. Aka zo da mota aka tafi da ita bariki, aka tsare.

Ni ban san da wannan ba. Lokacin duba na'urori ne ya zo, aka tura ni. Kamyonmu, babbar motar da ta ɗauko mu, ya lalace a hanya, muka kwana a daji, saboda haka na isa Rijiyar Tanko bayan sallar asuba, lokacin da babu ma'aikacin da ya taɓa buɗe likitar. Tsohon da ke gadi ya buɗe mini, shi ya ba ni labarin Majo. Na nufi firigon, na ɗaga murfi, na sa hannu. Wallahi, Alhaji, ɗumi na ji. Na ɗauki kwalbar magani na ɗora a kumatuna, ɗumi. Na duba ma'aunin zafi da ke ciki, talatin da ɗaya, alhali maganin nan ba a yarda ya wuce takwas ba. Na zauna a ƙasa kusa da firigon.

Ban taɓa komai ba, na jira. Rana ta ɗaga. Wajen ƙarfe takwas fitila koriya ta kama, injin ya tashi da kansa. Ƙarfe goma na sake duba ma'aunin, ya sauko bakwai. Na ɗaga kai na ga takardar Hajara manne a bango, inda take rubuta awon kullum, ƙarfe goma na safe bayan ta dawo daga zagayen lallashin uwaye a bukkoki, da ƙarfe huɗu na yamma. Shida, bakwai, biyar, shida. Ba ta tsallake rana ɗaya ba, kuma ba ta rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Firigon yana sanyi a gabanta, yana mutuwa a bayanta, kullum, kullum, wata da watanni, magani yana dahuwa yana hucewa har ya zama ba shi da amfani.

Batir ɗin suna cikin akwatin ƙarfe mai hatimi, an rubuta a kai kada a buɗe. Na sa fensa, wato filaya, na yanke hatimin. Wari ya buge ni. Batir biyun sun kumbura, ruwansu ya ƙone ƙurmus, farin gishiri ya cinye bakin wayoyi. A nan na zauna yini guda ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma ga abin da na samu.

Na farko, regilater ɗin an daidaita ta ne don ƙasa mai sanyi. Duk mai gyaran da ke zauren nan ya san batir mai zafi ba ya son a matsa masa wuta kamar mai sanyi. Wannan na'ura ba ta da abin da take jin zafi da shi. Na auna cikin akwatin da azahar, ƙarƙashin rufin kwano, na samu hamsin da takwas. Ita kuwa tana ta tura wuta kamar batir yana zaune cikin inuwar ƙasarsu, har ruwan ya tafasa ya tafi.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi girgiza ni, fitilar nan koriya ba a jona ta da batir ba. Da fanno aka jona ta. Abin da take faɗa kawai shi ne rana ta fito. Mai girma Kumanda, a ƙasar nan, cikin bazara, wa yake buƙatar fitila ta gaya masa rana ta fito? Wannan ita ce shaidar da muka ce mace ta dogara da ita ta soka wa ƴaƴan mutane allura.

Na uku, idan batir ya yi ƙasa, na'urar tana yanke firigo shiru. Babu ƙararrawa, babu jar fitila, babu ma'aunin da zai riƙe iyakar zafin da aka kai don wanda ya zo da safe ya gani. An ƙera ta ta ceci batir, ba a ƙera ta ta ceci magani ba.

Na huɗu ya shafe ni. Murafun da ake buɗewa a ƙara wa batir ruwa suna ƙarƙashin hatimin nan. Ranar da muke kafa na farko na gani, na ce wa injiniyan da ya zo da su, "Yallaɓai, akwatin nan ba shi da hanyar iska, batir zai wahala." Ya ce, "An gwada shi shekara biyu kafin a aiko, kada ka damu." Sai na yi shiru. Na yi shiru don shi yana da takardun manyan makarantu, ni kuwa a bakin kasuwa na koya. Na yi shiru don muna cikin zamanin da mutum yake auna tambaya kafin ya yi ta. Na ɗaure kusoshi, na sa hannu a takarda, na hau mota, sau goma sha biyu.

Daga Rijiyar Tanko ban dawo gida ba. Kwana tara na yi ina bin sauran. Takwas na tarar kamar wannan, wato tara cikin goma sha biyu. Biyu sun tsira don an ajiye su cikin ɗakin laka mai kaurin bango. Na ukun ya tsira ne don mijin ungozomar wurin direba ne, ya ji wari, ya ɓalle hatimin, yana zuba ruwan batir irin wanda yake zuba wa motarsa. Da ya gan ni sai ya fara ba ni haƙuri, yana tsoron a hukunta matarsa. Ku duba wannan, jama'a: wanda ya karya ƙa'ida ne yaran garinsu suka rayu.

Sau uku na rubuta rahoto na kai ofishin da ke kula da aikin. Har yau ban samu amsa ba. Hajara ta yi kwana talatin da takwas a tsare, ta yi azuminta a can, aka sake ta saura kwana uku Sallah. Ba a ce ta yi laifi ba, ba a kuma ce ba ta yi ba. Na je na same ta a gidan yayanta a Kirkisoye, na gaya mata duk abin da na gaya muku. Na ɗauka za ta zage ni, ko ta yi murna an wanke ta. Sai ta ce, "Malam Harouna, tun yaushe batir ɗin ya mutu?" Na ce bisa ga abin da na gani, tun kafin ta fara allurar. Ta ce, "Akwai wata Fati, mijinta ya tafi da sauran raƙumansu bai dawo ba. Sau huɗu na je bukkarta kafin ta yarda ta ba ni ƴaƴanta uku. Na ce mata, ki kwantar da hankalinki, na ɗauki nauyi. Biyu sun rasu rana ɗaya. Ita ce ta fara jifan ƙofata, kuma ban ga laifinta ba."

Abin da ta faɗa mini ke nan, jama'a. Yanzu ina da abin da zan roƙa a nan.

Ina roƙon kada akwati ɗaya cikin talatin ɗin nan ya bar Yamai sai an buɗe shi. A ba mu izini a rubuce mu yanke hatimi. Ni da ƴan'uwana masu gyara za mu sassauta regilater, mu huda wa akwatin hanyar iska, mu fitar da batir daga ƙarƙashin kwano, mu mai da wayar fitila inda ya kamata, mu ƙara ƙararrawa. Aikin mako uku ne, kuma baƙinmu su tsaya a kanmu su duba, mu koya daga gare su, su ma su ji abin da muka sani game da zafin ƙasarmu. Ina roƙon baƙinmu su kai wannan labari ga waɗanda suka zana na'urar, domin na tabbata ba mu kaɗai aka aika wa ba. Ina roƙon a sake yi wa yaran garuruwan nan tara allura da magani mai rai, yanzu, kafin ruwa ya sauka hanyoyi su yanke.

Amma ba za a iya sake allurar ba sai uwaye sun yarda, a Rijiyar Tanko kuwa yau idan suka hango farar riga ɓoye ƴaƴansu suke yi. Saboda haka roƙona na ƙarshe gare ka yake, mai girma Kumanda. A faɗa a rediyo, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, cewa Majo Hajara ba ta sayar da magani ba. Idan dole sai an tsare wani, hannun da ya ɗaure kusoshin ga shi, nawa ne. Hajara ta ce za ta koma bakin aikinta bisa sharaɗi ɗaya, in tsaya tare da ita gaban matan nan, in ɗora mataccen batir a ƙasa, in faɗi da bakina abin da ya faru. Na yarda. Ranar Litinin za mu tafi. Takardar hanya muke nema, da mutum ɗaya mai kaki daga wurinka, domin waɗanda suka ga an tafi da ita su ga an dawo da ita.

Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba uwayensu haƙurin da ba mu da ikon ba su. Allah Ya yafe mini shiruna. Allah Ya saka wa baƙinmu da alheri bisa niyyarsu, Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro da zuciyar adalci. Allah Ya saukar mana da ruwa mai albarka, Ya rayar da gonaki da makiyaya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.