Lamba Takwas

A ɗakin gashin ƙashi na wani asibiti a Haɗeja, wani dattijo yana taka keken motsa jiki, wani magidanci kuma yana zaune a benci yana jiran layinsa.

"Baba, lamba nawa ka murɗa nauyin keken nan?"

"Takwas."

"Takwas? Ai biyu ma'aikaciyar ta ce maka kafin ta fita. Da kunnena na ji."

"Biyu wasan yara ne. Ƙafa ta yi ta juyawa kamar ba ka taka komai ba. Ni da na shekara arba'in ina tuƙa keke a taɓon fadama da buhun shinkafa a baya?"

"Ba gwiwar nan aka yi wa aiki ba?"

"Ita ce. So nake ta ji nauyi ta farfaɗo."

"Ni ma haka na yi watan jiya. Na kai shida, gwiwa ta kumbura, sai da na yi mako uku a kwance. Yau ɗaya aka ce in taka."

Dattijon ya share gumi da hularsa.

"Malam, dashen shinkafa saura wata guda. 'Ya'yana sun ce in ban warke ba, su za su riƙe gonar, ni in zauna a zaure."

"To, in ta kumbura, wa zai yi dashen?"

Dattijon ya sunkuya ya murɗa lambar keken baya.

"Nawa ka mayar, Baba?"

"Uku. Biyun nan ba zan iya ba. Ji nake kamar na riga na zauna a zauren."