Waƙar da Ban Yi wa Mama Ba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Mama Fasto, na gode da kika ba ni wannan dama.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, ina da shagon ɗinki a Samaru. Rabin matan da ke zaune a nan ni na ɗinka musu ankon zumunta, har da masu cewa na matse musu hannun riga. Shekara da shekaru ni ke ba da waƙa a zumuntar mata, sai kawai kuka ga na koma bencin baya na yi gum. Yau zan gaya muku dalili.

Abin ya fara ne da wata ƙara a gindin kunnena na dama. In na yi hamma sai in ji ƙas. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Sannu a hankali tauna ta zama aiki, kai ya riƙa sara, har ta kai in na tashi da safe bakina ba ya buɗuwa yadda cokali zai shiga. Ni da ke shanye karan rake a zama ɗaya, na koma kunu da farfesu.

Wata mai kawo mini ɗinki ta ce tsutsar haƙori ce, ta kwatanta mini wani mai magani a kasuwar Sabon Gari. Ya zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, ya lulluɓe ni da zane, ya ce in buɗe baki hayaƙi ya shiga. Da ya yaye zanen sai ya nuna mini wasu farare-farare a kwanon ruwa, wai su ne tsutsotsin. Har godiya na yi masa, 'yan'uwa! Ciwo bai tafi ba, na koma, ya ce ai sai an cire. Haƙorin tauna biyu na bari a wurinsa, lafiyayyu.

Maƙwabciyata Hajiya Rabi tana kai mijinta gashi asibiti tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ce ta ga ana yi wa wani mutum gashin muƙamuƙi a can, in zo mu je a duba ni. Na yi dariya da gefen baki, na ce Hajiya, ƙafata ce ta karye ko hannuna ne ya mutu? A sanina gashi na masu karaya ne da shanyewar jiki. Ni kuwa ga man shafewa da aka yi wa addu'a, ga addu'ar kanta, ga azumi, na ce wa kaina zuwa can ƙarancin bangaskiya ne.

Ba a jima ba Mamata ta kwanta ciwo a gidan yayana a Dogarawa. Ita ta koya mini waƙa tun ina riƙe mata zane zuwa sujada. Akwai wata waƙar yabo da harshenmu na gida, wadda take yi in tana tankaɗe. Ranar da na je na tarar jiki ya yi nauyi, ta kama hannuna ta ce:

"Saratu, ki yi mini waƙar nan tawa. Kowa ya yi, amma ba kamar taki ba."

Na buɗe baki, muƙamuƙi ya riƙe. Zafi ya harba har tsakar kaina. Na gwada da haƙora a haɗe, abin da ya fito ba waƙa ba ne. Na ce, "Mama, ki bari in ji sauƙi, zan zo in yi miki ita tun daga farko har ƙarshe."

Ta ce, "To, ina jira."

Ba ta kai ƙarshen watan ba. A jana'izarta wasu suka ba da waƙar, ina tsaye da gyale a baki. Wannan abin har gobe yana ci mini rai.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, bayan an tashi sujada, na zauna ni kaɗai a bencin can. Addu'a ma a zuci na yi ta, don bakin ba ya motsi. Na ce Ubangiji, na gaji da gaya maka yadda za ka warkar da ni. Duk ƙofar da ka buɗe, zan shiga.

Washegari Hajiya ta shigo yi mini gaisuwa, ta tarar ina tsotsar kunu ta gefen baki. Ba ta yi mini doguwar magana ba. Ta ce, "Saratu, ɗauko gyalenki. Yau ba shawara na zo ba."

Da muka isa asibiti, likitar gashin ta sa yatsu a gaban kunnuwana ta ce in buɗe, in rufe. Ta ce haƙorana ba su da laifi, gaɓar muƙamuƙi ce da naman da ke riƙe da ita suka gaji. Sai ta ce in nuna mata yadda nake aiki. Na kwatanta: fil a tsakanin haƙora, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ƙafa a kan keken ɗinki, zare kuma da haƙori nake tsinke shi ga almakashi a gabana. In ɗinkin Kirsimeti ya taru, cingam nake tauna wuni guda don kada barci ya ɗauke ni. Ta girgiza kai ta ce, "Mama, ai bakinki ya fi hannunki aiki."

Ta sa safar hannu ta riƙa murza naman ta ciki da waje. Ta koya mini ɗora tawul mai ɗumi, da ɗora harshe bayan haƙoran sama in buɗe baki a hankali ina kallon madubi don kada ya karkace. Ta gyara mini zama a kan keke, ta raba ni da cingam. Ba rana ɗaya na warke ba, amma kafin damina ta wuce na yi hamma sosai ban ji komai ba. Na zauna a shago na yi ta kuka, don na tuna Hajiya ta gaya mini wannan hanya tun Mama na tafiya da ƙafarta.

Yabo ga Ubangiji, ya warkar da ni! Ta hannun likita ya yi, ta bakin maƙwabciya ya kira ni, ni ce ban gane muryarsa ba. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku yi addu'a, amma in ya aiko da taimako kada ku tsaya zaɓen kamanninsa. Mai irin ciwon nan ya je a duba shi tun haƙoransa na bakinsa.

Na yi wa Mama alkawari zan yi mata waƙar tun daga farko har ƙarshe. Tun da na warke ban iya ɗaukarta ba sai yau. Mai ganga, ka ba ni a hankali. In murya ta tsinke mini a tsakiya, ku mata ku riƙe mini amshi har in dawo.