Siririn Tiyon da Manniru Ya Bari a Motarsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, babban sakataren ma'aikatarmu. Liman da malamanmu. Mai unguwar Kurudu da dattawansa. Hajiya Halimat, mai ɗakin marigayi. Ɗansa Hanif da ƙannensa. Abokan aiki da 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Sunana Rilwanu. An ce in yi magana a madadin abokan Injiniya Manniru, don ni na fi daɗewa da shi. Ku yi haƙuri in kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya. Akwai maganar da ke cina tun makon jiya, kuma dole in faɗe ta kafin Asabar.

Manniru ya kasance mutumin da bai iya zama ba. A taron ofis, ana karanta ajanda yana kaɗa makulli, ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin tebur. Ya kasance in an ce masa gobe, sai ya ce me ya sami yau. Mutanen Kurudu shaida ne. Da injin rijiyar burtsatse ya mutu, mu muna ta kafa kwamiti, shi kuwa ya tuɓe babbar riga ya durƙusa a gaban injin. Kafin mu zaɓi shugaban kwamitin, mata sun fara ɗiban ruwa.

Ya kasance mai taurin kai a kan mota. Tun da sojoji suka koma bariki Abuja ta cika da sababbin motoci, kowa ya yi canji, ban da Manniru. Ya riƙe tsohuwar Fijo ɗinsa, ya ƙara wa injinta ƙarfi, ya ɗora mata kafireta biyu. A hanyar Keffi babu mai ganin ko ƙurarsa. Ba ya jure a wuce shi. In ka wuce shi, ka sayi gaba ta mako guda.

Kuma wa a cikinmu bai sha laccar tiyon mai ba? Har a wurin ɗaurin aure yakan tsare mutum. Yakan ce, "Injin da ka ƙara wa ƙarfi, ka ƙara masa ƙishirwa. Tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa kafireta, in ya yi siriri, cikin gari ba za ka gane ba. Sai ka hau babban titi ka taka totur, kafireta ta shanye na cikinta, wani bai iso ba, mota ta kama tari. In kuma ya yi faɗi fiye da kima, ka wahalar da famfon mai a banza. Auna injinka, sannan ka zaɓi tiyo." Tasa motar mai lamba goma take so, ba mai lamba shida irin na kowa ba. Mun ji wannan har mun haddace. Liman, na ga kana murmushi, kai ma ba ka tsira ba.

To sai ga shi, 'yan shekarun nan, motar mai wannan lacca ta kama tari. Da ta ɗauki gudu sosai sai ta shaƙe, ta ja baya. Mun yi masa tsiya har mun gaji. Tasi mai kore da fari ta taɓa wuce shi a gabanmu, direban yana ɗaga masa hannu. Manniru ya ce man yanzu ne ba shi da kyau. Washegari ya ce famfo ne. Muka yi ta dariya, yana haɗiyewa.

Ni na san ba mai ba ne, ba kuma famfo ba ne, don ina wurin. Wata Asabar da hantsi na same shi a garejin Philip, bakaniken ƙungiyarmu a Apo, yana zare babban tiyon da hannunsa yana zura siriri. Philip ya riƙe ƙugu yana cewa, "Oga, wannan tiyo ya yi ƙarami fa. Mota ba zai gudu ba, inji zai sha wahala."

Na ce, "Manniru, lafiyarka kuwa? Kai da ka cika mana kunne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Hanif ya karɓi lasin tuƙi jiya."

Na ce, "To ka hana shi makulli mana."

Ya ce, "Jinina ne, Rilwanu. Ƙafarsa ƙafata ce. In na hana shi wannan, zai ari ta wani."

Na tuna masa abin da ya fi ni sani, cewa injin da ake yi wa rowar mai a kan gudu zafi yake yi, wata rana ya ƙone. Sai ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Inji ana sayar da shi a kasuwa." Ya roƙe mu kada mu faɗa wa yaron, don kada ya ji an raina shi. Daga ranar ya yarda a wuce shi a titi, shi da ba ya jure haka ko da wasa. Wallahi duk sanda na tuna, sai zuciyata ta karye.

Hanif, ɗana, dube ni. Makon jiya ka zo mini da murnarka, ka ce, "Baba Rilwanu, na gano abin da ke damun motar Abba. Tiyo ne! Na sayo mai lamba goma. Ranar Asabar da ƙungiya za ta tafi Jos don tunawa da shi, ni zan riga kowa isa, in wanke sunansa." Na san ƙauna ce ta sa ka. Amma tun ranar mahaifiyarka ba ta da sukuni, ni ma haka. Ciwo ya ɗauke mana Manniru a kan gadonsa, wannan hukuncin Allah ne, mun karɓa. Ba ma so hanyar Akwanga da za mu bi zuwa Jos ta ƙara mana wani zaman makoki.

Ya ce kada in faɗa maka, a lokacin da yana nan yana lura da kai. Yanzu ba ya nan, abin da ya rage a madadinsa shi ne tiyon nan, kai kuma kana shirin cire shi. Sunan babanka ba ya buƙatar wanki. Bai yi kuskuren awo ba, ya auna daidai, sai dai ba injin ya auna ba.

Hajiya Halimat, ki yi haƙuri na tayar miki da abin da ya kwanta. Hanif, ka zo ranar Asabar, ka ja motar, mu kuma duk za mu bi bayanka, babu mai wuce ka. Amma ka bar mata siririn tiyonta. In ka taka ta yi tari, kada ka ji haushi. Abbanka ne ke cewa ka sassauta.

Na gode wa waɗanda suka haɗa wannan taro, da ku da kuka saurare ni. Allah Ya jiƙan Manniru, Ya ba shi hutun da bai taɓa yarda ya ɗauka a duniya ba. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya tsare masa ɗansa a kowace hanya, Ya maido mana da shi gida lafiya. Amin.